Rabi ta auri ɗan mahauci

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji da yara. Yaya ƙafar taki, yaya zafin Agadas? Mu nan Tibiri lafiya lau.

Yaya, ranar Juma'a aka ɗaura auren ɗiyata Rabi a Cadawa, da Sani ɗan mahaucin nan. Malam mahaifinta bai je ba, ƙanensa ne ya ba da ita.

Da ta zo sallama, ta durƙusa gaban mahaifin nata a zaure, ta ce, "Baba, Sani yana salla, yana neman halaliyarsa. Mene ne aibinsa?" Malam ya ce, "Jikar masu gari ba ta shiga gidan fawa. In kin fita, kin fita." Ta ce, "To Baba, ka yafe mini." Ta tashi ta tafi.

Tun tana makarantar lakol take ba ni labarin wani tsohon littafi da suke karantawa, na ɗiyar masu sarauta da ta auri baran gidansu. Nakan yi dariya in ce sai dai a littafi.

Mata sai shigowa suke suna yi mini jaje kamar an yi mutuwa. Ni ban yi kuka ba, ban kuma yi fushi ba. Na dama fura na kai wa Malam, ya sha. Jiya Sani ya aiko da cinyar rago. Ban dafa ba, ban mayar ba, tana nan rataye.

Ki sa mu cikin addu'a, ki gaida mutanen gida. In kin samu hali ki kira Rabi ki sa mata albarka, ni har yanzu bakina ya ƙi buɗewa.

Ƙanwarki,
Mariyama