Gishirin da Na Hana Babandi

Litinin, 2 ga Maris, 1987
Likita ya ce hawan jini ne. Wai in bar gishiri kwata-kwata, in ba haka ba ɓarin jikina zai shanye. Yaro ne ƙarami, muna yaƙi yana rarrafe. Amma Saude matata ta ji da kunnenta, shi ke nan na shiga uku.

Alhamis, 5 ga Maris
Miyar kuka lami. Na ture kwanon.

Asabar, 14 ga Maris
Na sayi gishiri a kasuwar Mokola, na ƙulle a leda, yana aljihu. In ta juya baya sai in barbaɗa. Tsohon kofur guda yana sata a gidansa. Kaico!

Talata, 17 ga Maris
Na faɗi a shago ina ɗaure huhun goro. Hannun hagu ya yi nauyi. Saude za ta wanke rigata ta ga ƙullin. Ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. Ta ce, "Malam, a kan wannan za ka bar mini marayu a nan unguwar Sabo?"

Laraba, 18 ga Maris
Ba ta san dalilina ba.
Owerri, 1969, lokacin yaƙin basasa. An kewaye mu, jirgi yana jefo abinci yana faɗawa ɓangaren abokan gaba. Rogo muke tonowa mu dafa a hular kwano. Ina da ɗan ƙullin gishiri a safa, ba wanda ya sani. Babandi abokina, ɗan Gumel, rami ɗaya muke kwana. Zawo ya kama shi, rogon ya ƙi wucewa. Ya ce, "Uwaisu, da da ɗan gishiri, da na ci." Na ce, ina za a samu? Bayan kwana uku ya rasu. Gishirin ya kai ni har muka fita.
Tun ran nan, in na kai lami baki muryarsa nake ji. Kunya nake ji wallahi, har yau.

Juma'a, 27 ga Maris
Jiya na gaya mata. Shekara goma sha takwas ban gaya wa kowa ba. Ta ce a yi wa Babandi sadaka.
Yau ta dafa shinkafa da wake, ta kwance ƙullin nan nawa na Mokola ta juye a tukunya. Aka rabar a ƙofar masallaci bayan an sauko.
Nawa ta dafa daban. Lami ne, ba daɗi ko kaɗan.
Kwanon dai ya koma mata wayam.