Bindigar Feshi da Maganar Madara

Zuwa ga Yayana Mutaru, mai fentin motoci a Dapango.

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan jiki ya yi sauƙi, ina neman gafararka bisa damun ka da doguwar takarda a lokacin da kake buƙatar hutu. Ina kuma ba masu karantawa a shafina haƙuri, domin maganar gida ce na fito da ita waje, kuma dalilin yin hakan zai bayyana a ƙasa. Na zaɓi rubutu ne saboda mai ɗakinka Salamatu ta shaida mini cewa magana a waya tana tayar maka da tari, har numfashi ya daɗe bai daidaita ba.

Ka san shekara huɗu ke nan ina haɗa ƙananan motocin roba masu zuwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, tun ranar da wani Bazabarme mai kayan gwanjo ya sayar mini da ta farko a kasuwar Sokode. Da buroshi nake shafa musu fenti. Lokacin da ka zo rasuwar Inna ka ɗauki ɗaya, ka juya ta a hasken rana, ka ce wannan ba fenti ba ne, yaɓe ne. Ban ji daɗi ba, amma gaskiya ka faɗa, don sawun buroshin yana kwance a jikinta kamar kunyoyin gona.

Yanzu na samu babbar mota ta roba irin wadda Baba ya tuƙa tsakanin Bilita da Dapango, na kuma gama haɗa ta. Ba na so in yi mata yaɓe. Saboda haka na yanke shawarar sayen ƙaramar bindigar feshi, wadda takardun Faransanci ke kira ayerogiraf, girmanta bai wuce na biro ba. Wani ɗan kasuwa a Lome ya aiko mini da hotunan guda biyu tare da takardun bayaninsu. Ta farko kwalbar fentinta a ƙasa take, allurarta rabin milimita ce, kuma da an danna, iska da fenti tare suke fitowa. An ce ita ta fi sauƙi ga mai koyo. Ta biyu ƙoƙonta a sama yake, ana danna madannin don iska, sannan a ja shi baya don fenti. Allurarta ta fi siriri, tana fitar da layi mai kyau, sai dai tana toshewa idan fenti ya yi kauri. Akwai kuma batun kwamfiresa, injin da ke hura mata iska, domin an rubuta cewa da damina ruwa yana taruwa a cikin tiyo ya tofa a kan aiki. Na ja layi a takarda, na jera amfanin kowace da illarta, na karanta har na haddace, amma na kasa zaɓa.

Kai ba ka taɓa buƙatar irin wannan jeri ba. Ina tuna garejinka na farko a bayan tasha a nan Sokode, inda kake tsoma tsinken tsintsiya a cikin fenti, ka ɗaga, ka kalli yadda yake ɗiga, ka san ko ya tsinke yadda ya kamata. Kakan ce, "Kunne ke feshi, ido shaida ne kawai."

Amma Yaya, ba wannan ne ya hana ni neman ka makonni bakwai ba.

A ƙarshen takardun nan biyu akwai gargaɗi da jan tawada. Ya ce kada a yi feshi sai da takunkumi mai matacin iska, kuma taga a buɗe, ko da ƙanƙanuwar bindigar ce. Na ajiye takardar. Idan abin da bai fi biro ba yana buƙatar haka, ina ga taka, wadda ke rufe motar fasinja sukutum a yini guda?

Shekara goma sha tara da suka wuce ka sayo takunkumi irin wannan, mai mataci biyu a gefe. Ka yi ƙorafin zafinsa, abokan sana'a kuma suna ce maka ka yi hancin alade, amma duk da haka kana sakawa. Sai na zo muku da wata ƙasida marar bango, wadda na karɓa daga hannun mai soya doya kafin ta naɗe wa wani doya da ita. A ciki an rubuta cewa a wasu masana'antu ana ba ma'aikatan fenti madara. Na tsaya a gindin mangwaron gareji, a gaban masu fenti da masu walda, na karanta da Faransanci, sannan na fassara. Da na ga kowa ya yi tsit yana saurarona, sai na ƙara da cewa madara tana wanke ƙirji tas, wanda ya sha ba ya buƙatar komai. Wannan jumlar ba ta cikin ƙasidar. Daga bakina ta fito, domin daɗin saurarona da ake yi.

Ka ce, "Tunda malamin gidanmu ya karanta, magana ta ƙare." Ka rataye takunkumin a ƙusa. Na riƙa ganin sa a can har robarsa ta tsattsage.

Daga nan kullum da yamma sai ka sha gwangwanin madara. Inna takan gane launin motar da ka fesa ranar daga kakin da ka tofar a tsakar gida, mu yi dariya, ni ma har da ni.

Bayan na karanta gargaɗin, na je ɗakin shan magani na unguwarmu na tambayi ma'aikaciyar jinya. Ta ce madara ciki take tafiya, fenti kuma huhu, hanyoyinsu ba sa haɗuwa. Na tambaye ta ko da a ce mutum ya ci gaba da saka takunkumi zai tsira. Ta ce ba ta ga marar lafiyar ba, ba za ta yanke hukunci ba. Na dawo gida a ƙafa, ko babur ɗin haya ban iya tsayarwa ba.

Na san cuta da lafiya a hannun Allah suke. Na kuma san masu fenti suna shan madara tun kafin in iya karatu. Na jera waɗannan uzurori kamar yadda na saba jera komai, babu wanda ya tsaya da ƙafarsa, domin kai ka riga ka sayi kariyarka, harshena ne ya cire maka ita.

Da na zo Dapango da Babbar Sallah na same ka jingine da filo uku, don kwanciya tana shaƙe ka. A zaune ka yi salla. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai da ka tsaya sau biyu kana dafa bango. Duk da haka ka tsokane ni kan furfurata, ka sa Salamatu ta kawo madara, ka ɗaga gwangwanin ka ce ba ka taɓa fashin maganin malam ba. A ranar daɗi na ji. Wannan daɗin ne yanzu ba ya barin abinci ya wuce mini.

Mutum uku daga cikin waɗanda suka zauna a gindin mangwaron nan har yau suna feshi a Sokode, waɗanda suka koyar kuma sun gaji shan madara. Na je wurin biyu. Ɗaya ya saurare ni ya koma kan aikinsa. Ɗayan ya ce jiya takardata ta faɗi wannan, yau ta faɗi wancan, zai jira ta gobe. A bainar jama'a na yi kuskuren, shi ya sa nake warware shi a bainar jama'a.

Yaya, kai ka goya ni zuwa makaranta ranar da ƙaya ta soke ni. Kai ka bar aji domin ni in ci gaba, ko da yake ban yi nisa ba. Ɗan karatun da ka saya mini da naka, da shi na cuce ka.

Allah Ya buɗe maka ƙirji, Ya sassauta maka numfashi, Ya sa wannan jinya ta zama kaffara. Allah Ya saka wa Salamatu da alheri, Ya ji ƙan Baba da Inna.

Ina roƙon amsa a rubuce kan abubuwa uku. Salamatu ta rubuta, kai ka dangwala yatsa a ƙasa, a ba direban motar Sokode.

1. Wacce zan saya cikin bindigogin biyu? Wadda ka ce, ita ce.

2. Koren fentin motar Baba, wanda ka haɗa da hannunka, me da me ka zuba a ciki? Babu wanda ya sani sai kai.

3. Ka yafe mini? Idan ka yafe, ka ba ni izini in taho in zauna kusa da kai. Idan ba ka yafe ba, a rubuta haka ɗin, kada a sakaya mini. Roƙona kawai, kada amsar ta yi jinkiri.

Ƙaninka mai jiran takardarka,
Mumuni, Sokode.