Ciwon da Ban Iya Faɗa a Gaban Ɗana Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni ce Yakaka, matar marigayi Malam Tukur, mai turaren shinkafa a nan Haɗeja. Ina faɗa, Malama Ummussalma ta Islamiyyarmu tana rubutawa, ƙanwata Suwaiba tana zaune tana shaida. Jiki dai ya tafi, amma hankalina garau yake, bakina kuwa kun san bai taɓa ciwo ba. Kada wani ya ce zafin jinya ne ya sa na faɗi abin da zan faɗa. Maganar taku ce ku uku: babbanku, ɗan farina da ba na kiran sunansa, sai dai Malama ta rubuta Haladu da hannunta, da Badamasi, da autata Mardiyya.

Na ɗaya. Idan Allah ya karɓi abinsa, Suwaiba da Mardiyya su yi mini wanka. A kai ni da wuri, kada a jira danginmu na Birniwa, sa iske addu'a.

Na biyu. Gangunan da nake turara shinkafa, da tamfol ɗin shanya, da kwanon awo, na ba Saude matar babbanku. Ba magajiyata ba ce, kuma kayan ba su kai sulusi ba, don haka babu mai ja. Ita ta sha hayaƙi tare da ni, ita ta san masu sayenmu na kasuwar Kafin Hausa. Badamasi, kai da ka ce za ka sayar da su ga 'yan gwangwan, Allah ya shirye ka.

Na uku, ita ce ta sa na tara Malama da Suwaiba. Gonar fadamata ta bakin kogi, wadda na gada wurin mahaifina, da shinkafarta Mardiyya take karatu a jami'a. Na so in ce a bar mata ita, Malama ta tuna mini ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. To, ba ni da ikon tilasta ku. Roƙo nake yi: kada a raba gonar nan sai ta gama, a ci gaba da noma ta, amfanin ya tafi ga karatunta. Na san abin da ku biyu kuka ƙulla. Kuna jira in kwanta dama ku ce ta dawo gida, ko ta sauya abin da take karantawa. Ina kwance a ɗaki, amma katangar gidan nan ba ta da kauri.

Mardiyya zamantakewar jama'a take karanta, ta kuma ɗauki ɓangaren da suke kira nazarin jinsi, wato zaman mace da namiji, da abin da ya shafi jiki da sha'awa da aure. Tun ranar da Badamasi ya ga bangon wani littafinta ya hau sama, ya ce iskanci aka tura ta koyo. Babbanku bai yi faɗa ba, shi dai ya daina amsa gaisuwarta yadda ya kamata, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo. Ni ma da farko raina bai kwanta ba. Na sa ta ta riƙa fassara mini abin da ke ciki. Akwai wanda na ji na ce a'uzubillahi, ta ce ita ma a aji ta yi musu a kansa har malamarsu ta ce ta rubuta hujjarta. Akwai kuma wanda na ji na ce ta maimaita, don kamar a tsakar gidanmu marubuciyar ta zauna. Yarinyar nan tana sallarta, tana tace abin da ake ba ta kamar yadda nake rege tsakuwa daga shinkafa.

Yanzu ku saurara, ko da kunnuwanku za su yi zafi. Ciwon da zai yi ajalina, in Allah ya ƙaddara, kansar bakin mahaifa ce. Kun ji sunan daga bakin likita a Kano, kuka sunkuyar da kai, har yau masu dubiya ciwon ciki kuke ce musu. Ya fara ne da jini, bayan na daɗe da daina al'ada, sannan ciwon mara. Babbanku, Allah ya yi masa albarka, shi ya ɗauko mai keke mai ƙafa uku ya kai ni asibiti, ya shiga da ni har gaban likita ya tsaya a kaina don kulawa. Likita namiji, ɗan farina a tsaye, aka ce Hajiya ina ke ciwo. Wace uwa ce a ƙasar nan za ta buɗe baki? Na ce ciki. Shi kuma ya ƙara da cewa ai Inna ba ta jin magana a kan barkono. Aka ba mu maganin gyambon ciki muka dawo. Badamasi ya yi ta kawo mini jiƙe-jiƙen basir daga kasuwa, ina sha ina godiya. Babu wanda ya yi mugunta a cikinku, haka aka tashe mu, haka ni ma na tashe ku.

Damina ta wuce, ambaliya ta ci rabin fadama ta janye, aka yi noman rani, ina nan ina fama. Mardiyya ta zo hutu, ta ɗauki zannuwana za ta wanke, ta ga abin da ta gani. Ta shigo ta tura ƙofa, ta zauna a gabana ta ce, "Inna, jinin nan daga ina yake fitowa, kuma tun yaushe?" Na zage ta tas. Na ce mara kunya, abin da ake koya muku ke nan. Ko gezau ba ta yi ba, ta ce in gama zagin tana jira. Wallahi sai na fashe da kuka, don tun da ciwon ya fara babu wanda ya yi mini tambayar da zan iya amsawa. Washegari ta mayar da ni asibiti, ta roƙi babban yayanta ya jira a waje, ta nemi ma'aikaciya mace. Daga nan aka tura mu Kano, aka ce an makara.

Kun ce in dai taimakon mata take so, ta koma aikin jinya. Aikin jinya abu ne mai kyau, amma ni ba magani na rasa ba, yana nan a asibiti tun ranar farko. Na rasa wanda ya san dalilin da ke sa mace ta yi shiru, ya kuma san yadda zai cire ta daga shirun. Abin da take karantawa ke nan. Yanzu binciken da za ta gama da shi a kan mata masu turaren shinkafa take yinsa, wa suke gaya wa idan jikinsu ya canza, wa ke ba su izinin zuwa asibiti, wa ke shiga da su. Ta zauna da su a bakin murhu, har wasu daga cikinsu sun je an duba su.

Na huɗu. Gabar da ke tsakaninku da ita ta ƙare kafin a share makokina. Ke kuma Mardiyya, ki rage kaifin baki. Yayyenki ne, su suka yi ta yaƙi da ciyawar kacala a gonar nan kina aji. Idan za ki gyara musu, ki gaishe su tukuna. Abin da ya saɓa wa addininki ki bar shi a cikin littafin.

Na biyar. A karanta wannan a gaban matanku da 'ya'yanku mata da suka girma, kada a tsallake layi ko ɗaya don kunya.

Allah ya yi muku albarka ku duka, ya haɗa kanku, ya ba ku masu jin ƙanku kamar yadda kuka ji ƙaina. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, kada gona ta raba ku. Ranar da za ku zauna yanke shawara a kan karatun ƙanwarku, ina da sharaɗi ɗaya. Kai babba, kana da 'ya budurwa, Bashira. Ka kira ta, ka dubi idonta, ka tambaye ta ko akwai abin da ke damunta a jikinta wanda ta kasa faɗa. Idan ka iya tambaya, ita kuma ta iya ba ka amsa, ku raba gonar, ban riƙe ku ba. Idan bakinka ya yi nauyi, to ku bar Mardiyya ta gama, don Bashira ta sami wadda za ta tambaye ta da wuri.