Abin da Ban Gani Ba a Gaɗarki

Zuwa ga Yaya Kulu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Allah ya sanyaya miki makwanci. Ni ce ƙanwarki Luba. Inna tana lafiya, Baba ya koma rumfarsa ta dukanci. Wata biyar ke nan da sanƙarau ya ɗauke ki. Ina cin abinci, ina zuwa makaranta, ina dawowa. Mutane suna yabon haƙurina. Ni dai har yanzu ban ji komai a raina ba ne.

Kin tuna littafin da Baturiyar makarantarmu ta ba mu don koyon rubutu? Rabinsa na baya duk gaɗarki ce. Ni ban taɓa shiga tsakiyar fili ba, kunya ba ta barina. Cikin masu tafi da tarewa nake tsayawa, in mun dawo gida in rubuta abin da na gani. Kina leƙowa kina cewa, "Wagga ɗiya, mi kinka rubuta kuma? Da ƙahwa aka rawa, ba da alƙalami ba."

Na rubuta cewa da ƙafar hagu kike fitowa. Taku uku, sai ki tsaya kamar kin manta wani abu a gida, har masu tafi su rikice. Sannan ki ja da baya, ki saki jiki ki faɗo hannunmu, mu cilla ki sama. Na rubuta ƙarar warwaronki. Na rubuta ranar bikin dangin Inna a Wamakko, da kallabinki ya faɗi kika ɗauke shi da yatsun ƙafa, ba ki tsaya ba.

Jiya bayan la'asar aka yi suna a gidan maƙwabtanmu na bayan Hubbare. 'Yan mata suka ce gaɗar Kulu za su yi. Ƙawarki Tumba ta sa na ɗauko littafin. Na karanta mata, kaina a ƙasa. Ta yi taku uku, ta tsaya, ta ja da baya. Sai ta waiwayo ta ce, "To Luba, in za ta hwaɗuwa, ƙaƙa taka yi da hannuwa?"

Na duba shafin. Na duba na gabansa. Babu. Duk inda na zo kan faɗuwar, abu ɗaya na rubuta: "sai muka tare ta."

A nan na gane, Yaya. Duk lokacin da kika taho da baya, runtse ido nake yi don tsoron kada ki suɓuce mini. Shekara huɗu ina tare ki. Na san nauyin kafaɗarki, na san ƙanshin man kitsonki, amma ban taɓa ganin faɗuwarki ba.

Wata ta ce baza hannu kike yi. Wata ta rantse cewa rungume su kike yi a ƙirji. Har suka fara musu. Tumba ta gaji da jira, ta baza nata ta faɗo, muka cilla ta. Mata suka rangaɗa guɗa. Wata tsohuwa ta share hawaye ta ce, "Kulu sak, wallahi!" Sai duk aka juyo ana kallona, tunda ni ce mai littafi.

Na gyaɗa kai.

Inna ma tana wurin, a bakin ƙofar ɗaki. Da na gyaɗa kai ta yi murmushi, karo na farko tun bazara. Shi ya sa ban gyara maganar ba.

Da safen nan na ɗauki fensir na ƙara a gefen shafi: "tana baza hannuwa." Yanzu in na tuna ki, haka nake ganinki, kuma na kasa rabe ko ke ce ko Tumba ce.

Idan ba haka kike yi ba, ki yafe mini, Yayata. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a Aljanna in tambaye ki.

Ƙanwarki,
Luba