Murjaninka Suna Nan da Rai

Ya sanyin idona, ya inuwar da na zaɓa a cikin itatuwa dubu, ya ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasa har ta tashi da ƙamshi, ya Sarkin Ruwa, mijina,

Ina gaishe ka da gaisuwar da ta gaji da tafiya ita kaɗai. Tun da na san abin da idonka zai fara nema a takardar nan, bari in hutar da kai: murjaninka suna nan da rai. Gishirin ruwan daidai yake, zafinsa ashirin da biyar, injin da ke kaɗa ruwan bai tsaya ba, kifayen nan biyu masu ruwan lemo sun yi ƙiba. To, hankalinka ya kwanta? Yanzu ka ba ni aron kunnenka, ko na minti biyar ne, ka ji labarin ɗaya halittar da ka bari a gidan nan.

Ka tuna ranar da aka kawo tankin kifin? Ƙarti huɗu suka hau da shi har hawa na uku, kana biye da su kana rantse-rantse kada su buga gilashin a bango, ni kuma ina tsaye a ƙofa ina dariya har da riƙe ciki. Ka shimfiɗa farin yashi da tafin hannunka kamar mai gyara wa jariri gado. Ka jera duwatsun, ka rushe, ka sake jerawa, sau bakwai na ƙirga. Muka dama gishiri a bokiti da muciyata sabuwa, wadda har yau ban sake tuƙi da ita ba. Da ruwan ya cika na ce, to ina kifin? Ka ce sai bayan sati shida, wai sai ruwan ya nuna, sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun zauna a jikin duwatsun, in ba haka ba duk abin da aka saka zai mutu.

Sati shida! Kullum da la'asar, in na dawo daga kantin magani ƙafafuna na zogi, sai in tarar ka shimfiɗa darduma a gaban gilashin ka dafa shayi, mu zauna kafaɗa da kafaɗa muna kallon ruwa da duwatsu. Ummarka ta zo ta same mu a haka, ta dube mu ta dubi tankin, ta ce kun sayi talabijin marar hoto kuna kuma biyan kuɗin wuta. Da kifayen suka iso ta tambaya ko ana soya su, ka ce a'a, ta ce to Allah ya shirya. Wallahi ban taɓa jin daɗin duniya kamar a makonnin nan ba. Ba ruwan nake kallo ba, masoyina. Fuskarka nake kallo a jikin gilashin, yadda shuɗiyar fitilar ke kwanciya a kumatunka kamar asuba a kan tafki.

Ranar da murjanin farko ya buɗe kuwa! Ni da na san murjani a wuyan mata kawai, ban taɓa zaton abu ne mai rai, mai ci, mai fushi ba. Ka ɗora ɗan guntun nan a kan dutse, ya dunƙule kwana uku kamar yaron da aka kai baƙunta. Da safiyar rana ta huɗu ka ƙwala min kira daga falo, na fito da kumfar sabulu a hannu, na ga ya warware 'yan yatsunsa kore shar suna rausaya. Ka rungume ni har rigarka ta jiƙe, ka ce duk abin da aka yi wa haƙuri aka kula da shi, sai ya buɗe. Na ɗauka da ni kake. Kaicona, na ɗauka da ni kake!

Sai kamfaninku ya tura ka shimfiɗa bututu a bakin teku. Ka ce wata huɗu ne. Ka manna takarda a jikin firij da kyakkyawan rubutun nan naka: a ƙara tataccen ruwa kullum, domin ruwa ke tashi, gishiri ba ya tashi, a canza jarka biyu duk Asabar, a kankare gansakuka daga gilashi, kada a cika wa kifi abinci, kada a tsoma hannu da mai ko turare. Layi goma sha ɗaya. Na karanta har ƙasa, na juya bayan takardar ko ka bar min wani abu a can. Fari fat.

Yau wata goma sha biyar. Na daina shafa mai a hannu saboda murjaninka, dubi yadda fatata ta koma kamar bawon itace. Na iya ɗiga ruwa a ma'aunin gishiri in ɗaga shi wajen taga in karanta. Na san kalar da ruwan gwaji ke yi in datti ya yi yawa. Mai kantin kifin ado, da a da yake min kallon wadda ta ɓata hanya, yanzu shi ke tambaya ta yadda na yi murjanin nan mai rassa ya ninka girmansa. Ranar da na'urar ɗumama ruwa ta maƙale da tsakar rana, zafi ya haura talatin da ɗaya, maƙwabciya ta kira ni ta ce wani abu na ƙara a gidanku. Na bar layin mutane a kanti na taho a guje, na zare wayar, na dinga jefa gorunan ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya, ina fifita saman ruwan da murfin tukunya har hannuna ya mutu. Kan rassan ya yi fari kamar ƙashi, na yi wata biyu ina lallashin sa kafin kalarsa ta dawo. Wa ya lallashe ni? Wa ya tsaya a kaina da murfin tukunya?

Ka san abin da nake kewayawa, hasken raina. Bari in daina kewaye.

Sati uku da tafiyarka na gane ina da ciki. Ka yi ihu a waya har abokan aikinka suka taya ka murna. A wata na huɗu, ranar wata Asabar, bayan na hau da jarka ta biyu, na ji abin da na ji. Umma ce ta kai ni asibiti, ita ta riƙe hannuna, ita ta wanke zanen. Likita ta ce ba jarkokin ba ne, ta ce haka Allah ya ƙaddara, da a kwance nake ma zai faru. Na yarda da ita, yawancin ranaku. Ka kira, ka yi kuka, na ji kukanka kuma na san na gaskiya ne, ba zan yi maka ƙarya a kan wannan ba. Ka ce aiki ba zai bar ka ka zo ba. Na ce ba komai. Sannan, dab da za ka ajiye waya, ka sassauta murya ka tambaye ni ko akwai wanda ke ƙara wa tankin ruwa tun da ina asibiti.

Akwai, masoyina. Mahaifiyarka ce, da ciwon gwiwarta, tana hawa bene tana zuba wa kifin da ba a soyawa ruwa, tana share hawaye da bakin mayafi. Ba ta taɓa gaya maka ba, ni ma sai yau.

Na yi ta nema maka uzuri kamar mai tsintar tsaba a cikin yashi. Na ce wataƙila baƙin cikin ne ya fi ƙarfin bakinka, ka kama abin da ka iya tambaya. Na ce namiji ne, bai san inda zai ajiye kuka ba. Amma wata ya bi wata, saƙonninka suna zuwa kamar na mai duba aiki: turo hoton mai rassan, nawa gishiri ya nuna, kin wanke matatar? Ni kuma, wawuyarka, sai in goge gilashin tas, in tsaya yadda inuwata za ta fito a hoton, ko za ka ce kin rame, ko ka ce wannan ɗankwalin sabo ne. Ko sau ɗaya!

Shekaranjiya kuma sai ga saƙonka. An ƙara maka shekara biyu, an ba ka gida mai faɗi, za ka turo direba ranar Asabar ya kwashe tankin. Ka bayyana yadda za a sa kowane murjani a ledarsa, yadda za a ajiye rabin tsohon ruwan, yadda za a lulluɓe duwatsun da jiƙaƙƙen tawul kada su bushe a hanya. A ƙarshe ka ce ni kuma za mu yi magana. Duwatsu sun sami tawul, ni na sami za mu yi magana! Ashe a gidan naka mai faɗi an auna bangon da tanki zai jingina, ba a auna inda matarka za ta ajiye akwati ba?

To ka ji, ya wanda nake so fiye da yadda ya kamata. Direban zai zo, zan ba shi wurin zama, in ba shi ruwa mai sanyi, in miƙa masa takardar nan ya kawo maka. Ko katantanwa ɗaya ba zai fita da ita ba. Ba don tankin ya zama nawa ba, ko da yake hannuna ya fi naka sanin sa yanzu. In kana son sa, ka zo da ƙafarka. Ka hau benen nan hawa uku, ka ƙirga matakalar da na ƙirga, ka tsaya a gabana ka dube ni tsawon lokacin da kake duban ma'aunin gishiri. Ka tambaye ni sunan da na raɗa wa ɗan da ba mu gani ba, domin na raɗa masa, ni kaɗai, a zuciyata. Bayan nan in ka ce in haɗa kaya, kafin ka rufe baki na haɗa. In kuma ka ce tankin kaɗai ka zo ɗauka, ni da kaina zan ɗaure maka ledojin, amma sai ka faɗa da bakinka, idonka cikin nawa.

Kada ka ji tsoro, ba zan huce a kansu ba. Gobe da safe zan ƙara musu ruwa, jibi ma haka, ko ka zo ko ba ka zo ba. Ban iya barin abu mai rai ya mutu a hannuna da gangan ba. Da na iya, da son ka zan fara.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a juya fuskata gabas a rufe, ba don ka cancanta ba, sai don zuciyar nan ta ƙi koyon sunan kowa bayan naka,

Matarka.