Tsintsiyar Bayan Ƙofa

Litinin, 18 ga Janairu
Ƙirji da sauƙi, gwiwa dai sai a hankali. Kofi kawai na iya sha. Saura mako biyu bikin Candelaria, babban bikin garinmu na shekara, kowa nasa na dawowa gida. 'Yata Hortensia shekara tara ke nan ba ta tako garin nan namu Tlacotalpan ba.

Alhamis, 21 ga Janairu
Na je. Ni da na yi shekara talatin ina koyar da kimiyya, yau ga ni zaune gaban ƙwallon gilashi a bayan rumfar masu kifi. Na ja malafa har hanci, a banza. Mai duban ta ce, "Malam Anselmo! Yau a gari?" Ashe Casilda ce, wadda na taɓa tsayarwa gaban aji na tsinke mata layar wuya, 'yan aji suna dariya. Na kasa haɗa ido da ita.
Ta shafa ƙwallon, ta daɗe tana kallo. Wai ga mace nan tafe, amma wani abu ya tare ƙofa.
"Ina kake ajiye tsintsiya, Malam?"
Na ce bayan ƙofa.
"Kanta a sama? Haba Malam, ai da haka ake korar baƙo! Babu wannan a littafin naku?"
Har na kai bakin labule ta ce, "Ka rubuta mata kuwa?" Wannan karon ba ta kalli ƙwallon ba.

Juma'a, 22 ga Janairu
Na fitar da tsintsiyar tsakar gida. Saboda ƙura ne.

Laraba, 27 ga Janairu
Maƙwabciyata Eduviges ta leƙo ta taga. "An gan ka a kasuwa, Malam Anselmo. Kifi ka je saye ko labarin gobe?" Na ce kifi. Ƙarya, da furfurata.
Ban gaya wa Casilda ba cewa da bakina na ce wa Hortensia kada ta sake shigo mini gida, ranar da ta bar karatu ta bi wani makaɗi.

Talata, 2 ga Fabrairu
Na sa farar riga, na sayi tamale biyu, alalen masaran nan da ake naɗewa a ganye. Tun safe ina bakin ƙofa har masu biki suka gangara kogi suka dawo. Ɗaya tamalen ya huce a faranti.

Laraba, 3 ga Fabrairu
Numfashi da ƙyar. Na nemo takarda, don dai in ga ko alƙalamin yana yi. Ya yi wasiƙa mai layi bakwai. Eduviges ta ce tana da adireshin 'yata. Ban tambaye ta yadda ta samu ba. Tsintsiya na nan waje.
Hortensia ba ta zo ba.