Tsinken Azurfa a Kan Baƙar Takarda

Birnin Faris, ƙarshen kaka

Zuwa ga Léonie, matata, raɓar safiyata, inuwar tsufana, wadda muryarta ta fi mini ƙararrawar coci daɗi,

Yaya jikin? Yaya iskar duwatsun da likitoci suka ce za ta mayar miki da jinin da aikinmu ya shanye? Tun da aka kai ki asibitin can, gidan nan ya yi mini girma. Nakan dafa kofi in zuba kofuna biyu, ɗaya ya huce ina kallonsa.

Ki yi haƙuri da rubutun, ya karkace. Yatsun da gishirin radiyom, sinadarin nan da muka tace daga baƙin dutse, ya ƙone ba sa riƙe alƙalami yadda suka saba. Kuma yanar idona ta yi kauri. Likita Mercier ya ce kafin ƙanƙara ta sauka duhu zai rufe ni gaba ɗaya. Ya kuma hana ni tafiya, wai ƙirjina ba zai jure jirgin ƙasa ba. Haba Léonie! A ce fuskar ƙarshe da zan gani a duniya ita ce ta Mercier, mai gashin baki kamar tsintsiya?

Kin tuna rumfar bincikenmu mai yoyo? Ke kina juya tukunyar baƙin dutse da sandar ƙarfe, hayaƙi yana sa ki hawaye, ni ina naɗe gilashin ɗaukar hoto cikin baƙar takarda don kada ko ɗigon haske ya taɓa shi. Ran nan gashinki ya warware, kika zare tsinkenki na azurfa kika ajiye a kan naɗin. Ni kuwa idona yana kan gashin, na ɗora guntun dutsen a kan tsinken ban lura ba, na tura cikin aljihun tebur. Kika yi ta nema har kika gaji, kika ce, "Firmin, malamin kirki, kai da ke auna abin da ido ba ya gani, tsinke guda ya gagare ka?"

Da muka wanke gilashin, sai ga shi! Siffar tsinkenki, siririya kamar jinjirin wata, har da ɗan lanƙwasar bakinsa. Babu rana, babu fitila. Hasken da ke ɓoye a cikin dutsen ne ya ratsa takardar ya zana shi. Na fara yi miki bayani, kika ce, "Yi shiru mana, sarkin surutu, bari in kalla." Muka rufe tagogi da tsakar rana, ƙananan kwalaben radiyom ɗinmu suna ƙyalli shuɗi-shuɗi a kan kanta, kamar taurari sun sauka hutawa. A wannan hasken na ga fuskarki, kuma har yau idan na lumshe ido ita ke tasowa. Mun ɗauka hasken nan aboki ne. Ashe yana karɓar rabonsa daga jikinmu a hankali. Amma yaya zan tsine masa, alhali a cikinsa na same ki?

To ga abin da na yanke. Ranar Lahadi zan hau jirgi, Mercier ya yi ta faɗansa. Ki roƙi masu jinya su zaunar da ke kusa da taga, inda rana ke faɗowa, ki soke tsinken nan a gashinki. Ko da fuskarki ta zo mini kamar wata a bayan gajimare, ya ishe ni guzuri.

In kuwa duhun ya riga ni isowa, kada ki yi kuka, farin cikina. Ki matso kawai ki ɗora tafinki a fuskata. Ni da ke mun gani da idonmu, gilashin da aka naɗe a baƙar takarda ma yana ɗaukar hoton abin da aka ɗora masa.

Naki, da ido ko babu ido, har ƙasa ta rufe ni,

Firmin